Rubutun da Ke Cikin Murfin Inji

Sueko ita ce auta a gidan Hamaguchi na tsibirin Tsurube, kuma duk wanda ya san ta tun tana ƙarama zai gaya maka matsoraciya ce. Tana tsoron tsawa, tana tsoron zurfin ruwa, amma ba abin da take tsoro kamar yayanta Tokuji. Shekara tara ya ba ta. Mahaifinsu ya rasu tana da shekara takwas, riƙon gida ya faɗo hannun Tokuji, ya kuwa riƙe shi da zare ido da ɗaure fuska. Bai taɓa dukanta ba ko sau ɗaya. Idan ya dawo daga teku ya jefar da takalman robarsa a bakin ƙofa, ƙarar kaɗai ta isa ta sa ta haɗiye kukan da take yi.

Da ta gama makaranta sai ta bi jirgi zuwa Osaka, ta shiga wani kamfanin ɗinka kayan ma'aikata. A can ta gano hannunta yana jin ƙarfe. Keken ɗinkinta ya tsaya wata rana, bakaniken kamfanin ba ya nan, tsoron faɗan shugabar layi ya sa ta kwance shi da kanta ta mayar. Kafin shekara biyu, kekuna sittin na ɗakin ita ke duba su. Ta yi aure a can, bai yi tsawon rai ba, ba ta kuma haihu ba. Da kamfanin ya rufe ta tattara kayanta ta dawo gida tana da shekara hamsin da biyu, ta zauna a tsohon gidansu. Tokuji ya bar mata ƙaramin kwale-kwalen mahaifinsu. Da shi take fita kusa da gaɓa tana yankar ciyawar teku tana shanyawa, da hannu take tuƙi, shekara bakwai, har kafaɗarta ta dama ta fara hana ta ɗaga buta.

Nan ne ta ƙudura sayen inji. Sabo ya fi ƙarfinta, amma ta ji masunta suna zancen wani mai kayan kwance a bayan ma'aikatar gyaran jirage, can a babban gari. Ba ta shawarci Tokuji ba, don ta san amsar da zai ba ta. Wata safiyar Fabrairu ta hau jirgin fito, ta sauka, ta hau bas.

Filin mai kwancen cike yake da matattun injuna, an jingine su layi-layi a jikin katanga. Mutumin ya dube ta sama da ƙasa, da sigari a gefen baki.

"Iya, maigida ne ya aiko ki?"

"Ni ce maigidan."

"To sannu, maigida! Wanne ya yi miki? Waɗannan na dama suna numfashi. Na hagu kuwa sai jana'iza."

Hagun ta nufa, don can kuɗinta ya kai. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana jan igiyar tayarwa a hankali. Yawancinsu sun cije, ko motsi. Ɗaya kawai, mai ƙarfin doki goma sha biyar, wanda aka yaɓa wa baƙin fenti yaɓin gaggawa, shi ya juya mata lumui, ya kuma riƙe hannunta kamar mai sauran rai. Ta lura an kankare ɗan farantin lambarsa. Ta tambaya, mutumin ya ce gishiri ne ke cinye su. Ta biya yen dubu ashirin, aka naɗe shi da tamfol, ma'aikatan jirgin fito suka taya ta ɗauka suna yi mata tsiya, wai ta auro baƙin miji daga birni.

A rumfar bayan gida ta rataye shi jikin wani katako. Ta jera tsofaffin kofunan shayi a kan benci, kowane rukunin noti da kofinsa. Ta ciro kafireta ta tarar fetur ya bushe a ciki ya zama kamar ƙaro, ta jiƙa shi kwana biyu, ta bi ramukansa da siririyar waya. Fulogi sun mutu. Robar famfon ruwa ta farfashe, ta yi odar wata ta gidan waya. Abu ɗaya ne ya ba ta mamaki. Da ta zare fulogi sai baƙin mai ya biyo, an ɗura shi har baki, ko ɗigon tsatsa babu a kan fistin. Wanda ya ajiye injin nan ya san abin da yake yi. Ta yi ta tunanin wane irin mutum ne zai adana cikin inji haka, sannan ya ɓata wajensa da fenti.

Kullum da hantsi maƙwabciyarta Chiyono takan tsallako ta zauna a kan juyayyen bokiti, ta kawo gasasshen dankali a naɗe cikin jarida. Tsohuwa ce mai shekara tamanin, yanar ido ta rufe mata gani har ba ta iya karanta komai, amma bakinta lafiya ƙalau. Ɗanta ɗaya, Noriaki, masunci, wanda ya sa wa jirginsa sunanta, Chiyo Maru. Shekara uku da suka wuce ya fita duba tarkunansa wata safiyar kaka, bai dawo ba. Jiragen tsibirin da na masu gadin teku suka yi kwana shida suna nema. Ba a ga mutum ba, ba a ga jirgi ba, ko tsinken katako. Chiyono ta ƙi a yi masa makoki. Ta ce wanda jirginsa bai nuna ba, ba a san inda ya sauka ba.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a gaban Sueko. Mako guda kafin ɓatan, Tokuji da Noriaki sun yi cacar baki a kwata, inda jirage ke tsayawa, a kan wurin kafa tarko, har Tokuji ya shaƙe masa wuyan riga a gaban jama'a. Sau biyu 'yan sanda suka kira shi. Ba a sami komai ba, maganar ta kwanta, amma ba ta mutu ba.

A mako na uku, sassan da ta yi oda ba su iso ba, sai ta ce bari ta wanke murfin injin. Cikinsa ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi da giris. Ta ɗora shi a cinya, ta tsoma tsumma a kananzir tana gogewa, Chiyono na ba ta labarin yadda farashin shinkafa ya haukace. Sai wani farin layi ya ɓullo. Ta ƙara gogawa. Rubutu ne da farin fenti, kwanan wata, wani a ƙasan wani, irin na mai lissafin ranar da ya canza man giya. Na ƙarshe, ashirin ga Oktoba, shekara uku baya. A samansu, da manyan baƙaƙe, an rubuta Chiyo Maru.

Hannunta ya tsaya cak. Ashirin da huɗu ga Oktoba Noriaki ya fita.

"Ke, kina ji na kuwa?" in ji Chiyono.

"Ina ji, Inna."

"Me ya same ki? Numfashinki ya canza."

"Kananzir ne ya hau mini kai."

"Ai na gaya miki. Mace da shekarunki tana wasa da mai kamar ɗan tasha. Miƙo in ga abin da kike ta gurza."

Tsohuwar ta miƙo hannu. Sueko ta kifa murfin a ƙasa da sauri, ta tura shi ƙarƙashin benci da ƙafa.

"Zai ɓata miki riga, Inna. Ci dankalinki."

Da Chiyono ta tafi, Sueko ta rufe rumfar ta zauna a ƙasa. Injin da ya kamata a ce yana ƙarƙashin teku tare da mai shi, ga shi a rataye a gabanta, da mai a cikinsa, an kuma yi masa fenti. Wani ya taɓa jirgin nan bayan Noriaki ya bar kwata. Ta shiga ɗaki ta ɗauki waya, ta ajiye, ta sake ɗauka. Sai bayan ta ci abincin rana, ko a ce ta zauna a gaban abincin, ta buga wa mai kwancen.

"A'a, maigida! Ba a mayar da kaya, ki sani."

"Ba mayarwa zan yi ba. Wanda ya kawo shi nake son tambaya ko yana da littafin injin."

"Littafi? Iya, kin cika ban dariya. Wani dogon tsoho ne ya kawo shi bara da rani, ko ciniki bai yi ba. Daga tsibiranku yake, na ji a harshensa. Hannunsa na hagu yatsu uku ne."

Ta yi godiya, muryarta kamar ta wata. Injin jan taru ne ya cinye wa Tokuji yatsu biyu tun yana saurayi. Ita ce ta riƙa zuba masa ruwa a hannun lokacin da yake jinya.

Kwana goma da suka biyo baya, Sueko ba ta ci abin kirki ba. Tsibirin mutum tamanin ne da 'yan kai, hanya ɗaya ce daga gidanta zuwa kwata, kuma ta gaban gidan Tokuji ta bi. Matarsa ta rasu, ɗansa yana aiki a birni, shi kaɗai yake zaune. Kullum tana ganinsa a ƙofa yana ɗinkin komar kamun kifi da yatsun nan uku, sai ta sunkuyar da kai ta gaishe shi ta wuce. Ta yi tunanin ta tura injin cikin teku. To da wane ƙarfi, kuma a idon wa? Ta yi tunanin ɗan sandan da ke zuwa ran Laraba. Ta je har bakin ofishin ƙungiyar masunta inda yake zama, ta ga takalmansa a ƙofa, ta juyo. In ta yi magana, yayanta ta kai. In ta yi shiru, gobe Chiyono za ta zo ta zauna taku biyu daga injin ɗanta, ta ɓare mata dankali.

Ta kuwa zo, kullum. Mutanen kwata ma ba su bar ta ba.

"Bakanikiya, yaushe angon zai yi magana?"

"Ko kurma kika sayo?"

Ta ga in ta daina aikin za a tambayi dalili. Saboda haka da sassan suka iso ta ci gaba, kuma gaskiya lokacin da sifana ke hannunta ne kaɗai zuciyarta ke ɗan lafawa. Ta sa sabuwar robar famfo, ta mayar da kafireta, ta ɗaura fulogi, ta canza man giya. Ta cika ganga da ruwa ta tsoma ƙafar injin a ciki. Ranta yana fata ya ƙi tashi. Ja na farko ya yi tari. Ja na biyu ya yi shiru. A na uku ya kama da wata ƙara da ta cika rumfar, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe, ruwa ya fara tsartuwa ta bayansa siriri, daidai yadda ake so.

Ba ta ji shigowarsa ba. Da ta kashe injin ta juyo, Tokuji na tsaye a bakin ƙofa ya tare haske. Bai dube ta ba. Baƙin fentin yake kallo.

"Ina kika samo wannan?"

"A babban gari, Yaya. Wurin mai kwance."

"Wa ya ce ki je can?"

"Ba kowa."

Ya shigo. Ya zagaya injin, ya shafa gefensa da tafin hannu. Sai idonsa ya sauka ƙarƙashin benci. Ya sa ƙafa ya jawo murfin, ya birkice shi, ya tsaya yana karantawa. Sueko ta manne da bango. Tana jin ruwan gangar yana ɗiga a ƙasa, ɗis, ɗis.

"Wa ya gani?"

"Ba kowa."

"Chiyono fa?"

"Ba ta gani ba."

Ya ɗauki murfin ya kifa wa injin, ya danna maƙallansa.

"Gobe da hantsi ruwa zai cika. Ki ɗaura shi a jirgi. Ni zan raka ki gwaji."

"Yaya, ai ba sai ka..."

"Na ce zan raka ki."

Da safe ta dafa shayi ta kasa sha. Ta sa rigar iyo mai hana nutsewa a ƙarƙashin rigar aikinta, abin da ba ta taɓa damuwa da shi ba a bakin gaɓa. Har ta kai ƙofa, ta dawo ta yagi takarda ta rubuta: Na fita gwajin inji da Yaya Tokuji. Injin na Noriaki ne. Ta danne ta da butar shayi a kan tebur, ta fita ba ta kulle gida ba, don ba mai kulle gida a Tsurube.

Ita ta riƙe kan injin, shi ya zauna a gaba ya ba ta baya. Injin yana tafiya kamar sabo, wannan ma bai yi mata daɗi ba. Suna fita daga katangar kwata ya nuna yamma da hannu. Ta bi. Suka wuce wurin da take yankar ciyawa, suka wuce fitilar dutse mai nuna wa jirage hanya, ruwa ya tashi daga kore ya koma baƙi. Ba ta taɓa kaiwa nan da kanta ba.

"Yaya, ai ya isa. Yana aiki."

"Ci gaba."

"Man ba shi da yawa."

"Na duba tankin. Ci gaba."

Minti arba'in suka yi kafin su kai ɗan tsibirin duwatsu da ba kowa a kansa sai tsuntsaye. Ya sa ta zagaya bayansa, inda dutse ya miƙe sama kamar bango, inda ba a hango Tsurube ko kaɗan. Igiyar ruwa tana dukan gindin dutsen tana komowa da fari.

"Kashe shi."

Ba ta kashe ba. Ya juyo, ya taso yana dafa gefen jirgin, jirgin yana tangaɗi. Sueko ta ja da baya har ƙugunta ya bugi katako. Ta ga hannun nan mai yatsu uku ya nufo ta, ta rufe ido, wani sauti ya fita daga maƙogwaronta. Hannun ya wuce ta gefen kunnenta ya danna maɓalli. Injin ya mutu.

Da ta buɗe ido ya koma ya zauna, yana fuskantarta, yana haki kamar wanda ya hau tudu.

"Kin ga tsagar can?" Ya nuna wani rami a jikin dutsen. "Nan na same shi. Jirgin, ba Noriaki ba. Kwana tara bayan ya ɓata, an riga an daina nema. Gabansa ya farfashe ya shige ciki, bayansa a sama, injin a ɗage. Na kira sunansa har muryata ta dushe. Na hau dutsen na duba. Ba kowa."

Sueko ta dubi tsagar, shi kuwa ya ci gaba.

"Jirgin ba ya jawuwa. Na ce bari in kwance injin in kai, a san na gani. Na taho da shi har fitilar dutse. Nan na hango mutane a kwata, sai na tuna yadda suke kallona. Sau biyu aka zaunar da ni ana tambayata ina nake ran nan. Jirage talatin sun nema ba su gani ba, sai ni, wanda ya shaƙe shi? Ni kaɗai, da injinsa a jirgina?" Ya share baki. "Na rufe shi da koma. Na ce gobe zan faɗa. Kwana biyu aka yi iska, na dawo nan, ko katako babu. To me zan nuna kuma?"

"Shekara uku, Yaya."

"Na san lissafi."

"Uwarsa tana gaishe ka kullum."

"Na ce na sani!"

Tsawar ta daki dutse ta dawo, tsuntsaye suka tashi. Ta ƙanƙame jikinta. Can ta ce, a hankali, "Me ya sa ba ka jefa shi a ruwa ba?"

"Na ɗauko shi sau biyu. Hannuna ya ƙi. Na wanke shi da ruwan daɗi, na ɗura masa mai, ban san dalili ba. Bara likita ya ga wani abu a huhuna. Na ce in na mutu ɗana zai zo share rumfa ya same shi. Na kai shi inda na zaci ba ɗan Tsurube da zai taka." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Sai ke. Duk duniya sai ke."

Ta dube shi. Tana son ta yarda. Labarin ya zauna daidai, amma ba wanda ya gani sai shi, kuma ta san in ƙarya ce ma haka za ta zauna. Ba ta ga komai a fuskarsa ba sai tsufa.

Shi ne ya fara lura. Ruwa ya ja su, tsagar da ya nuna daga nesa yanzu tana kusa, har ana jin warin kashin tsuntsaye.

"Tayar da shi."

Ta ja igiya. Shiru. Ta sake ja, kafaɗarta ta amsa har cikin ƙashi. Shiru. Tokuji ya zari filafili ya tokare ruwa, amma tari ya sarƙe shi, jirgin ya ci gaba da matsawa. Ta ja na uku, na huɗu, warin fetur ya bugi hancinta, sai ta gane cikin gaggawa ta ja maɓallin shaƙe iska, inji kuwa da zafinsa, mai ya yi masa yawa. Ta ɓalle murfi, ta laluba sifanar fulogi a aljihu, ta kusa suɓuce mata cikin ruwa. Ta zare fulogin jiƙe sharkaf, ta goge da gefen riga, ta hura, ta mayar.

"Sueko!"

Wata igiya ta ɗaga su, ta ji gindin jirgin ya gogi dutse, ƙurrr. Ta kama igiyar da hannu biyu ta fizga da duk abin da ya rage mata. Ya kama. Ta sa giyar baya, farfela ta haƙa ruwa, dutsen ya fara ja da baya kaɗan-kaɗan.

Can suka hango fitilar dutse. Nan Tokuji ya ce, ba tare da ya juyo ba, "In mun sauka ki raka ni gidan Chiyono. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Sai a lokacin ta tuna da takardar.

Tun daga nesa suka ga kwata cike da mutane, jirage biyu har sun kunna inji za su fito. Ashe Chiyono ta shiga da dankalinta, ta ɗaga buta za ta zuba shayi, ta ji takarda. Ta zaci saƙo aka bar mata, ta kai wa matar mai shago ta karanta mata. Ga Chiyono nan a gaba, an riƙe ta ta hannu biyu. Shugaban ƙungiyar masunta ya miƙa wa Tokuji takardar tun bai gama hawowa ba. Ya karanta. Ya juyo ya dubi ƙanwarsa, ya ga wuyan rigar iyo ya leƙo ta ƙarƙashin rigarta. Ya je ya durƙusa a kan siminti a gaban Chiyono, ya sa goshi a ƙasa, ya faɗi abin da ya faɗa a bayan dutse, bai ƙara ba bai rage ba.

Wani ya ce ƙarya yake. Wani ya ce a bari hukuma ta zo. Chiyono ta bari sai da hayaniyar ta lafa.

"Tokuji, ɗago. Abincinsa fa? Na ɗaure masa shinkafa a shuɗin ƙyalle."

"Na gan shi a ƙarƙashin bencin jirgin, Yaya Chiyono. Ba a kwance shi ba."

"To da safe abin ya faru ke nan," in ji ta. Ta ce a kai ta gida.

Masu gadin teku suka zo suka tafi da Tokuji da injin. Kwana huɗu ya yi a babban gari. An tura masu nutso bayan dutsen, suka samo anga, ƙarfen tsayar da jirgi, da guntun sarƙa, aka ce na Chiyo Maru ne. Ba a sami abin da ya ƙaryata shi ba, ba a kuma sami abin da ya wanke shi ba. Ya dawo, ƙungiya ta karɓe masa izinin kamun kifi, rabin tsibirin suka daina amsa gaisuwarsa. Da bazara Chiyono ta yarda aka yi wa ɗanta makoki. Da aka dawo da injin aka kai mata, ta ce ba ta da inda za ta sa shi, a mayar wa wadda ta tashe shi. Sueko ta yi wata biyu ba ta taɓa shi ba, sannan kafaɗa ta tilasta mata. Har yau da shi take fita, ba ta kuma wuce fitilar dutse.

Ciwon Tokuji ya tashi da kaka, aka kwantar da shi a asibitin babban gari. Ɗansa yana zuwa ƙarshen mako, sauran kwanaki Sueko ce. Takan hau jirgin fito na safe, ta zauna a gefen gado ta ɓare masa lemo, ta koma a na yamma. Ba sa hira. Wata rana tana naɗe masa tawul, ya ce da ita, idonsa a rufi:

"Ran nan. Da gaske kin zaci zan jefa ki a ruwa?"

Ta so ta ce a'a. Mutum ne a bakin mutuwa, kalma ɗaya ce.

"Eh, Yaya."

Ya juyo ya dube ta.

"Yanzu fa? Maganar Noriaki, kin yarda da ni?"

"Wata rana ina yarda."

Ya gyaɗa kai a hankali. Sai ya ce ta ɗaga masa filo, bayansa ya gaji. Ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗunsa ta ɗaga shi, ta ji ba shi da nauyi ko kaɗan. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce lokacin ziyara ya wuce. Sueko ta ce jirgin yamma ya riga ya tafi, ko za a ba ta kujera ta kwana. Aka ba ta. Ya ƙara kwana goma sha ɗaya, duka tana wurin.